Hannun da Ke Bakin Rijiya

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya jikin, yaya idon? Ɗanmu ya ce likita na ganin hasken da ya rage miki ba mai yawa ba ne. Allah Ya sawwaƙe. Tela maƙwabcina ke rubuta mini, na kuma gargaɗe shi kada ya gyara mini magana.

Saƙonki ya iso. Kin ce kafin idon ya rufe kina son ki sake ganin hannun 'yarmu Auta, wanda ta danna a ɗanyen siminti ranar da na gina bakin rijiyarmu. Shekara talatin da huɗu ke nan da ruwan madatsa ya shanye ƙauyen, amma ko a makance zan kai mutum wurin: taku goma sha biyu daga kututturen bishiyar ƙofar gida. Bana ruwa ya ja baya sosai. Jikarmu mai nutso, wadda ke ɗaukar hoton kifi a wurin aikinta, ta ce za ta sauka. Sai dai ruwan gurɓatacce ne, abin da ya wuce kamu ɗaya ba ya ganuwa, kyamararta kuma ba ta ganin na kusa sai an ɗaura wani gilashi a akwatin da ke kare ta daga ruwa. Gobe za mu shago.

Ki sha maganinki.

Naki,
Magini

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Bayan gaisuwa da tambayar jiki, mun je shagon. Mai shagon ya fito da gilashi biyu. Ɗaya mai sauƙi, ɗaya mai ƙarfi da ke mayar da ƙwayar yashi kamar dutse. Ya ce in ɗauki mai sauƙin, wai mai ƙarfin wuri kaɗan yake kamawa. Na ce masa abin da ya shekara talatin a ruwa ba ido mai sanyi zai gan shi ba.

Sai maganar zoben da ke riƙe gilashin a jikin akwati. Akwai mai buɗewa kamar ƙyauren taga, yana ɗaukar gilashi biyu, a sauya a cikin ruwa. Akwai na murɗawa kamar murfin kwalba. Jikarki ta nace wa mai ƙyauren da gilasan duka biyu, har ta kira ni tsoho mai kan siminti a gaban mutane. Ni da na kafa tagogi fiye da gashin kanta, na san duk abin da ke lilo wata rana zai faɗi. Na ɗauki mai ƙarfin da zoben murɗawa, na ce ko haka ko in hana ta sanin wurin. Ta kwashi kayan ta yi gaba.

Ranar Talata za mu shiga kwalekwale. Hadari ya fara haɗuwa.

Naki,
Magini

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Ina gaishe ki. Yaya idon? Tela ya ce in huta tukuna, na ce ya rubuta.

Ban ɓata wurin ba, nutso ɗaya ta sami rijiyar. Ta share laka, hannun yana nan, yatsu biyar cif. Ita ta gani da idonta. Amma gilashina bai iya ɗaukar abin da ya wuce faɗin babban yatsa ba. Da ta ja baya, komai ya dushe. Ta so ta cire shi, yashi ya shiga zoben ya cije. Ta yi ta fama har lakar da ta tayar ta rufe wurin, iskar tulun numfashinta kuma ta kusa ƙarewa. Da ta fito sai ta hau naɗe kayanta. Da ta zage ni, da ya fi mini sauƙi.

Da la'asar aka sako ruwan sama, kwana uku bai tsaya ba. Madatsa ta cika, ta yi jawur. Sai baɗi, in ji masu kwalekwale. Ni da ke mun san abin da likita ya ce game da baɗi.

Hoto ɗaya ne ya fito, ga shi a cikin takardar nan. Ɗan ƙaramin yatsan Auta ne, mai lanƙwasa irin naki.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Ranar da Auta ta danna hannun, kafin ki fito ki hana ni shafe shi da cokalin gini, na buge mata hannu don ta ɓata mini aiki. Ba ta yi kuka ba, ɓoye shi ta yi a bayanta. Wata biyu bayan haka zazzaɓi ya tafi da ita. Ina tuna kowane gida a ƙauyen nan, da wanda ya gina shi, amma wannan nake fara tunawa kullum.

Sau biyu ke nan ina ɓata miki hannun nan. Ki yafe mini.

Ki kai hoton bakin taga da hantsi, ki dube shi sosai. Sauran yatsu huɗun ina tafe ranar Asabar, zan zana miki su a tafin hannunki. Ban manta tsawon ko ɗaya ba.

Naki har kullum,
Magini