Ina Zargin Mahaifiyata Ta Yi Wa 'Yata Baftisma A Ɓoye

Anti Marleen, ki taimake ni, zargi na nema ya cinye ni.

Ni 'yar Katolika ce, mijina Ruben Bayahude. Tun ina da ciki muka yi alkawari ba za a ɗora wa 'yarmu Mirte addinin kowa ba, sai ta girma ta zaɓa. Daga ranar Mama ta sa ni gaba da kuka, wai na bar jikarta a bakin wuta, wai ita Fada, limamin cocinmu, ma kunyar haɗa ido da shi take. Surukata Perla kuwa ba ta kuka, ajiyar zuciya take. Ta kan dubi yarinyar ta ce danginsu duk yaƙi ya cinye, ga ɗaya tilon da ta rage, amma ba komai, kar mu damu da ita. Wannan “ba komai” ɗin ya fi mari zafi.

To, ran Lahadi da safe na bar wa Mama yarinyar. Da na dawo, gashin goshinta a jiƙe, wai madara ce ta zube. Madara a goshi? Tun ranar Mama ta daina kuka, har waƙa take a kicin. Matar da ta yi wata shida tana min mita! Biri ya yi kama da mutum.

Abin da ya fi damuna, da na ga jiƙaƙƙen gashin nan sanyi na ji a raina. Yanzu in Perla ta ɗauki Mirte tana mata waƙoƙinsu, ji nake kamar ɓarauniya. Ruben bai san komai ba. In faɗa masa ya raba Mama da jikarta, ko in haɗiye?

Tsaka-mai-wuya, Antwerp

Ƙanwata,

Mai yiwuwa madarar ce. Amma ni ma na san tsofaffinmu, kofin ruwa a goshi da kalmomi kaɗan sun ishe su yin baftisma. In ta yi, tsoro ne ya sa ta, ba mugunta ba. Duk da haka ta shiga hurumin da ba nata ba, kuma Ruben na da haƙƙin jin haushi.

Sai dai nawa zargin ba a kan Mama ya tsaya ba. Kin san kukanta, kin san abin da take so, kuma duk kwanakin mako kika rasa ranar kai mata yarinya sai Lahadi da safe. Ki tambayi kanki ko ba ke kika bar ƙofar a buɗe ba.

Kar ki fara da tuhumar Mama. Ki fara da mijinki, ki faɗa masa duka, har sanyin da kika ji. Alkawarin nan da bakinki kika yi shi, zuciyarki ba ta sa hannu ba, kuma gara ya ji haka daga gare ki tun Mirte ba ta iya magana ba. Sannan ku je wajen Mama tare.

Allah ya raya Mirte, ya ba ki ƙarfin hali.

Marleen