Taraktocin Hilario a Cikin Ruwa

Colonia Bertero, 9 ga Afrilu, 2001

Ƙanwata Ofelia,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da mijinki Anselmo kuna lafiya.

Ruwan tafki ya iso shingen gonata. Kullum yana matsowa taku biyu, ba ya komawa. Shanu na kai su tudu. Saura taraktocina guda tara a rumfa.

Kin san shekara talatin nake tara su. Akwai mai ƙafar ƙarfe ta 1929, wadda na tono a gindin bishiya kaji na ƙwai a cikinta. Akwai Pampa ta Baba, wadda sai an gasa mata kai da wuta take tashi. Uku ne kawai ke tafiya da ƙafarsu. Ki roƙi Anselmo, shi da ya san direbobi, ya samo mini tirela.

Yayanki,
Hilario

Rosario, 20 ga Afrilu

Yaya Hilario,

Mun gaishe ka, ya jikin matarka Elvira?

Anselmo ya yi wa direba biyar magana. Huɗu sun ƙi tun kafin ya rufe baki. Na biyar ya je har mararraba, ya ga titi ya zama kogi, ya juyo. Ni da kaina na je ofishin hanyoyi. Wani ya ce mini, "Baiwar Allah, mutane muke kwashewa, ke kina zancen tsohon ƙarfe?" Na juyo gida.

Yaya, shekararka saba'in da ɗaya, matarka kuma ga ciwon ƙirji. Wai Elvira ka aura ko tarakta? Ku fito, mun gyara muku ɗaki.

Taka,
Ofelia

Colonia Bertero, 6 ga Mayu

Ofelia,

Ina gaisuwa. Na sa Elvira a kwalekwalen coci, ita za ta miƙa miki wannan. Ta tafi tana faɗa, ki ba ta haƙuri.

Ranar Laraba na ce ko ta Baba kaɗai in fitar zuwa tudun layin dogo. Na gasa mata kai, na juya injin da hannu, ta kama da bugu ɗaya, ƙasa na girgiza kamar lokacin da yake ɗora mu a gefenta zuwa gonar alkama. Mun wuce ƙofar gona kaɗan sai ta nutse har gindi. Maƙwabcina Don Casimiro ya kawo dawakai huɗu. Igiya ta tsinke sau biyu. Ya zauna a laka yana haki, ya ce, "Kai Hilario, wannan tsohuwar ta fi ka taurin kai." Muka sha shayin mate a tsaye, ba mai kallon wani.

Tana can a fili, ina hango ta daga taga. Sauran na shafe su da giris, na toshe musu bututu da tsumma. Na san ba zai hana komai ba, ruwan nan na gishiri ne. Hannuna ne dai ya ƙi zama.

Hilario

Rosario, 15 ga Mayu

Yaya,

Na yi kuka da na karanta. Ka yafe mini maganar da na yi maka. Ni ma a kan tarakta ɗin nan na koyi tuƙi, ka manta?

Elvira ba ta cin abinci. Da an taɓa ƙofa sai ta miƙe. Likita ya ce tunani ne ke ƙara mata ciwon. Don Allah ka zo.

Ofelia

Colonia Bertero, 27 ga Mayu

Ƙanwata,

Ina tafe ranar Talata, ki faɗa wa Elvira.

Jiya na shiga rumfa, ruwa har ƙirjina, na dafa kowacce. Da na fito sai na tsinci kaina ina ta kokawa da ƙofa a cikin ruwa, har na kulle ta da kwaɗo. Ban san wa nake tsoron ya shiga ba.

Idan na iso, kada kowa ya tambaye ni.

Yayanki,
Hilario