Ɗan Akwati Mai Ruwan Ɗorawa

Asabar, 1 ga Afrilu 2006

Kwana uku ke nan da husufin da ya mai da kaji akurki da hantsi. Yau na gama faɗa wa Lirwanu asalin gidajen unguwarmu a Anka da iyakokin gonakinsu, ya buga a kwamfutar shagonsa. Wata biyar muna yi. Ban yi boko ba, ajamin nan nawa ma ni kaɗai ke gane shi. Duk masu sanin abin sun mutu sai ni, ga kai ya fara yoyo.

Litinin, 3 ga Afrilu

Da Lirwanu ya buɗe aikin sai wani ɗan akwati mai ruwan ɗorawa ya fito a fuskar kwamfutar. Wai gargaɗi ne na banza, wani salon harafi ne babu. Ya danna, ya wuce. Gargaɗi na banza? Ban taɓa ji ba.

Alhamis, 13 ga Afrilu

Maccido mai gyara ya zo daga Gusau. Ya kara kunne, ya ce, "Baba, cikinta na ƙas-ƙas, a fara kwashe aikin a faifai. Akwatin ga kwalliya kawai ya ɓata." Na ce mai magana ake fara saurara, ba ya fita sai ya kawar da akwatin. Na gitta sandata a ƙofa. Lirwanu na ta "Baba, don Allah". Sai la'asar akwatin ya ɓace, motar Gusau kuma za ta tashi. Kwashewa sai wani zuwan.

Na koma gida raina fes.

Laraba, 19 ga Afrilu

Kwamfutar ta ƙi tashi.

Asabar, 22 ga Afrilu

Maccido ya dawo. Ba abin da zai ciru. Ya durƙusa ya gaishe ni, bai ƙara komai ba. Da ma zagina ya yi.

Lahadi, 23 ga Afrilu

Na gwada jero gidajen ni kaɗai. Na kai gidan Iyatu mai daddawa, sunan kakanta ya ƙi zuwa. Bayan ƙaramar salla na faɗe shi ba gargada. Iyakarsu da gonar Modibbo, kanya ce ko tsamiya? An sare itacen tuni, ga damina tafe, kuma ni za su tambaya.

Lirwanu ya aro wata kwamfutar. Ita ma da nata akwatin, in ji shi. Gobe da safe zan je mu fara da abin da ya rage a kaina. In ya fito, zan kalli titi har ya danna.