Na ga jan ruwa a lagireto na ɗauka tsatsa ce

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a sakaya sunana, don rabin Gyaɗi-Gyaɗi sun san ni. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da rubutuna, karatuna na yaƙi da jahilci ne, shi ma ranar da za a raba takardar shaida ina hanyar Legas da lodin albasa.

Ni tsohon direban babbar mota ne, tun ina da baƙin gashi nake kan titi har gwiwa ta ce ta gaji. 'Yata, wadda nake kira Uwata don sunan mahaifiyata gare ta, nas ce a asibitin koyarwa. Bara ta sayi ƙaramar mota, tuƙi kuma tsoro yake ba ta, sai ta danƙa min makulli. Ni ke kai ta aiki, in sauke jikoki a makaranta, in biya majalisarmu ta Tarauni in faka inda kowa zai gani. Wallahi makullin nan shi ya raba ni da zaman tabarma. Mijinta yaron kirki ne, ba ya iya haɗa ido da ni, amma ta bakin Hajiyata na ji yana cewa Baba ya tsufa, a samo direba ya huta. Hutun me? Wa ya ce masa na gaji?

To ran nan na buɗe bonet, na ga ruwan lagireto ja. Jama'a, a zamaninmu ruwan rijiya muke ɗurawa, in ya yi yoyo mu fasa ɗanyen ƙwai a ciki ko mu zuba garin taba, kuma duk direban da ya ga jan ruwa ya san tsatsa ta ci ƙarfe. Har daɗi na ji, na ce yau na kama ɗan boko. Na tsiyaye rabi, na sayo kulan kore, wato ruwan sanyaya inji, irin wanda na saba gani a shaguna, na ɗura, na cike da ruwan rijiya. Da yamma a gaban kowa na ce wa Uwata motarta ta kusa mutuwa da tsatsa, masu digiri suna kallo, Allah ya sa akwai tsoho a gidan. Surukina ya buɗe baki kamar zai yi magana, ya rufe, ya ce Allah ya saka da alheri Baba. Ban tsaya nan ba, har a majalisa sai da na ba da labari, da ƙari.

Satin nan a goslon titin gidan zu allurar zafi ta fara hawa. Na kashe esi na ce wa yara iskar Allah ta fi lafiya. Da mota ta huce na leƙa, ruwan ba ja ba kore, ya yi kauri kamar kunun tsamiya. Na tafi wajen mai sayar da kayan mota a Tarauni, na ce motar wani abokina ce. Ya dube ni ya ce Baba ka gaya wa abokin naka jan nan ba tsatsa ba ne, haka kulan ɗin yake, mai kyau ne ma, kuma ba kowane ake gauraya shi da wani ba. Wai launi kaɗai ba ya nuna iri, sai an duba wanda injin yake so, kuma sai an wanke lagireto da hanyoyin ruwan tas, motar ta yini a gareji, in ba haka ba gasket na iya ƙonewa. Da zan tafi ya ce in gaida abokin nawa, yana dariya.

A majalisa na sake jefa maganar abokin nan nawa. Alhaji Sule, wanda muka yi tuƙi tare, ya rantse duk rini ne, a zubar a ɗura ruwan rijiya a huta. Malam Iro mai a-daidaita-sahu ya ce a sayo ja a ƙara a kai, ja zai rinjayi kore. Suka kaure da musu har Alhaji Sule ya ce wanda ƙafar motarsa uku ba shi da bakin magana. Na taso ban ƙaru da komai ba. Hajiyata kuwa tuni ta gano ni, ko ruwa na nema sai ta ce, “Malam, ja ko kore?”

Abin da ya hana ni sukuni, ranar Asabar za mu je suna Ringim, ni da Uwata da jikoki a baya. In na kai mota gareji ta yini, dole in faɗi dalili, kuma wanda ya san ainihin kulan ɗin da aka zuba tun farko shi ne surukin da na yi wa dariya. Ina tambayarsa na san makulli ya tafi, kuma da gaskiyarsa. In na yi shiru na bi ta Malam Iro, ban san abin da zai same mu a hanya da yara cikin rana ba. Na ɗauki waya zan kira shi ya fi a ƙirga, sai in tsinci kaina ina kiran wani daban.

Yau da safe da na sauke ta a ƙofar asibiti, ina ji tana ce wa abokiyar aikinta, “Ni motar da Baba ya duba, ko bacci sai in yi a ciki.” Na ja mota na bar wajen da sauri.

Masu sanin mota, wane kulan zan zuba, kuma akwai yadda za a wanke shi tsakanin kai yara makaranta da ɗauko su? Ku kuma masu surukai, yaya tsoho yake ce wa mijin 'yarsa ka fi ni gaskiya, kuma ya tashi da makulli a aljihunsa? In ba zai yiwu in haɗa biyun ba ku faɗa min kai tsaye, zan kira shi kafin Asabar. Dariya kuma ku yi, Hajiya ta riga ku.