Kuɗɗin otel ɗin Abijan

Madawa, daren Talata, Afrilu 1998

Ba wanda ya taɓa ba ni ko buhu guda. Ni na gina shago, ni na sayi kamiyon ɗaukar kaya, ni na kai albasa Abijan. Yau banki ya maido cakin da na ba Idi dillali, wai banki ma bi na yake.

Ashe katin bankin da anka goga mini a otel tun Janairu, sai makon jiya sunka cire kuɗɗin. Mu a kasuwa, in ka biya, ka biya.

Gaban jama'a Idi ya ce, "Alhaji, karyewa ka yi?"

Na gaji. Gobe zan biya shi hannu da hannu. Amma dole daraktan banki ya rubuta mishi: Alhaji Sani Ɗan Tambai bai karye ba.