Ramin Yumɓun Inna

Auta,

Gaisuwa da fatan kana lafiya. Inna na gaishe ka. Tun da aka zaɓe ka cikin masu rubuta tsarin mulki ba ta da hira sai taka, kunnuwanmu sun gaji.

Wasu mutum biyu sun zo da mota, wai abokan aikinka ne. Inna ta rasa inda za ta sa su don murna, har ta kai su ramin farin yumɓun da muke ginin tukwane da shi, ramin da ko surukarta ba ta taɓa nuna wa ba. Suka cika buhu suka tafi. Hankalina ya ƙi kwanciya. Ina ruwan tsarin mulki da yumɓu?

Yayarka

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ba ni na turo su ba. Akwai sashen da muke muhawara a kai: duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa zai zama na gwamnati, sai mai lasisi zai haƙa. A bakin magana, don amfanin talaka ne. Amma shugaban kwamitinmu da surukinsa sun kafa masana'antar tayil na daɓen ɗaki, wanda da farin yumɓu ake yin sa, kuma lasisin nasu ne tun kafin a rubuta dokar. Ƙuri'ata suke nema, sun ce in faɗi abin da nake so. Ina jin tsoro. Kada Inna ta ji.

Na bar ki lafiya,
Ƙanenki

Auta,

Ina gaisuwa. An kafa turaku an kewaye ramin. Inna ta ɗauka hanya za ka yi mata, tana ta cewa, "Allah ya yi masa albarka, ya tuna da gwiwoyina." Na shige ɗaki na yi kuka.

Ba ta iya komai ba sai wannan gini, da shi ta kai ka makaranta. Ranar da aka hana ta haƙa, kwanciya za ta yi. Ban ce ka sayar da kanka ba, ban kuma ce ka bar ta ba. Wallahi ban san me nake cewa ba.

Allah ya ba ka mafita,
Yayarka

Yaya,

Ina gaishe ku. An kaɗa ƙuri'a, na ɗaga hannu na goyi bayansu. Za a bar Inna ta ci gaba da haƙa iya tsawon ranta, ita kaɗai, ban da ke. Kafin su yarda sai da suka tambaye ni shekarunta.

Ƙanenki