Alhaji Bai Katse Ni Ba

Daren Talata, Maraɗi

Innalillahi! Kwana uku ina tsara takardun jawabina kan noman rani a ordinatar, wato kwamfuta. Ashe manhajar ta buga har da 'yan bayanan da na rubuta don kaina. Ban duba ba, na raba wa manoman Jiratawa.

A shafi na biyu, ƙarƙashin hoton famfo: "Nan Alhaji Sule zai katse ni da surutunsa, sai in daure."

Shugaban ƙungiyarsu fa, sa'an mahaifina! Bai ce uffan ba har na gama. Da zan hau babur ya riƙe hannuna, ya ce, "Ɗana, yau dai na bar ka ka huta, ko?"

Wallahi da ma zagina ya yi.